Dabinon Zulaihatu a Bayan Katanga

Ina cikin takaba, kwana goma sha tara da rasuwar maigidana, aka yi sallama a zaure da hantsi. Na matsa bayan ƙyaure na amsa. Muryar Malam Ɗanmusa ce, dillalin gonaki na unguwarmu ta Limawa a nan Dutse, abokin marigayin tun suna yara.

"Uwar Sagiru, kar ki fito, daga nan ma ya isa. Jiya safiyo suka zo suna kafa turakan siminti a gefen gonar marayun nan. Sun ci taku goma sha ɗaya ta arewa. Na tsaya musu har suka tone suka mayar inda gambar iyaka take. Na ce bari in gaya miki da kaina, kar ki ji a bakin wani hankalinki ya tashi."

Na ce Allah ya saka, me za a ba shi na wahala? Ya yi ɗan tsaki irin na wanda aka ɓata wa rai. Da ya tafi na leƙa, sai ga dabino cikin ganye a kan dakali. Ya san ina azumin Litinin da Alhamis, ranar kuwa Alhamis ce. Daga baya na ji cewa tun safe har la'asar ya yi a tsaye cikin rana, yana bin masu awon nan da ɗingishinsa, su suna Turanci shi yana nuna musu ciyawa.

Ni karatuna bai yi nisa ba, allo ne da ɗan yaƙi da jahilci da na yi bayan na girma. Amma na ga ya kamata wani ya rubuta labarin bawan Allahn nan, kuma babu wanda ya rage da ya ji abin da na ji.

Gajere ne, baƙi, da ɗan gemu kamar an manna masa. Ɗingishin daga dabino ya samo shi, ya faɗo yana saurayi. Ba ya rabuwa da wata tsohuwar kwat a kan rigarsa ko ana zafin bazara, aljihunta kullum da ƙwallon dabino. Ba shi da igiyar awo, da ƙafa yake aunawa, kuma mutane kan yi masa tsiya cewa takunsa na hagu ya fi na dama gajarta, don haka mai saye ya roƙe shi ya fara da dama. Shi ma dariya yake yi. Iyakar kowace gona daga Limawa har wajen Takur tana kansa: wannan daga kukar nan zuwa jan dutse, waccan daga layin gamba zuwa tsohuwar rijiya. In an yi rigimar iyaka, dagaci shi yake aika wa.

Mu mata mun fi kowa amfana da shi, don ba ya gajiya da bayani. Wata maƙwabciyata ta taɓa zuwa zaurenmu tana kuka, wai mijinta ya ba da gona ya karɓi kuɗi, shi ke nan ta tafi. Malam Ɗanmusa ya tambaye ta, "Da bakinsa ya ce na sallama, ko cewa ya yi riƙe min?" Ta ce riƙe min ya ce. Ya ce, "To share hawayenki, jingina ce. Ran da ya mayar da abin da ya karɓa, gonarsa ta dawo, ko jikansa ne ya mayar. Aro kuma ba a karɓar komai, ranar da mai abu ya so ya karɓe. Wadda ba ta dawowa ita ce wadda aka ce na sallama a gaban shaidu, sai kyautar da aka riga aka damƙa." A bakinsa na san kafin alƙalami, abin da mai saye ke fara ajiyewa don kar a sayar wa wani. A bakinsa na san la'ada, wato ladan dillali, wadda shi sau da yawa a hatsi ake ba shi, wani lokacin ma a addu'a.

Shekarar da aka ba mu jiha, aka ce Dutse ce hedikwata, gari ya rikice. Ma'aikata suka taso daga Kano da iyalansu, babu ɗakin haya, har shagon ɗinki an kwana a ciki. Gona ta koma fuloti. Inda gwamnati ta karɓa sai ta biya diyya, kuma a nan muka ji abin mamaki, wai ƙasa ba a biyan ta don ta gwamna ce, abin da ke kanta ake biya, itace da rijiya da gini. Malam Ɗanmusa ya ce wannan bai ba shi mamaki ba, ai mu ma tun kakanni ƙasa daban itace daban. Gona takan zama ta wani, ɗorawar da ke tsakiyarta ta wani, kowa ya sani, ba a faɗa.

Shi ma yana da gonar gado a hanyar Takur, shi da ƙannensa biyu da suke zaune a Kano. Da suka ji abin da fili ya zama, suka aiko cewa a sayar a raba, kuma sun wakilta shi. Ya gaya wa maigidana cewa a shari'a yana da shuf'a, wato shi da yake da rabo a ciki ya fi bare cancantar ya sayi rabon 'yan'uwansa. "Haƙƙin ina da shi, Malam," in ji shi, "abin biya ne babu." Dole ya nemo mai saye da kansa.

A kusurwar gonar ta gabas akwai dabino guda, mace. Wannan ba ta cikin gado. Shi ya dasa ta ranar sunan 'yarsa Zulaihatu, ita kaɗai Allah ya bar masa cikin bakwai, uwarta kuma ta rasu tana ƙarama. Kowa a unguwa dabinon Zulaihatu yake ce mata. Duk shekara lokacin sanyi, in ta yi huda, sai ya nemo furen namijin dabino ya hau ya cusa cikin nata ya ɗaure da kaba. Mu nan aure muke ce wa wannan. In ba a yi mata ba, 'ya'yan sai su fito ƙanana marasa daɗi, su zube tun ba su nuna ba.

A zaurenmu aka yi cinikin, shekara biyu kafin maigidana ya rasu. Na kawo ruwa da fura na ajiye a bakin ƙofa, na tsaya bayan ƙyaure ina jiran kwano, don haka duk na ji. Su huɗu ne: Malam Ɗanmusa, da maigidana, da Bubayero, wani Bafillace da ke zaunar da shanunsa a gonar da rani don taki, sai mai sayen, Alhaji Mu'az, ma'aikaci ne mai sanyin murya da aka yi wa canji daga Kano.

Malam Ɗanmusa ya ce, "Alhaji, na sallama maka ƙasa, iyaka zuwa iyaka. Amma na toge dabinon gabas. Wannan ta yarinya ce, ba ta cikin ciniki."

Alhaji Mu'az ya ce, "Na ji, na yarda. Ni ina zan iya hawa ma?"

Bubayero ya ce, "Shi ma ai ba iyawa ya yi ba, Alhaji, dubi ƙafarsa. Kaɗo da hawan itace, sai ka ce biri ya tsufa."

Malam Ɗanmusa ya ce, "Kai da ko tsani ba ka taɓa hawa ba? Ranar da saniya ta bi ka, bayan matarka ka ɓuya."

Aka yi dariya. Alhaji Mu'az ya ciro takarda da biro, shi ya rubuta da hannunsa, yana karantawa suna ji: gabas ta yi iyaka da wane, yamma da hanya, kudu da arewa haka. Sai na ji ya dakata.

"Malam, in sa maganar dabinon a ciki?"

Na san abin da ke ran Malam Ɗanmusa, don na san irin mutanenmu. Baƙo ya zo garinku, ya ce na ji na yarda a gaban dattawa biyu, sannan ka ce masa rubuta? Kamar ka ce masa maƙaryaci ne a fuskarsa.

"Haba Alhaji," in ji Malam Ɗanmusa. "Ka faɗa, sun ji. Bar shi kawai."

Maigidana ya yi gyaran murya, amma shi ma kunyar ta kama shi. Suka dangwala hannu, aka shafa fatiha, washegari aka kai wa dagaci ya buga hatimi. Da maigidana ya shigo gida na ce, "Malam, da an rubuta." Ya ce, "Ke dai kawo min ruwan alwala."

Alhaji Mu'az bai taɓa saɓa maganarsa ba, Allah ya ji ƙansa. Bai ma yi gini ba, ya dai nemi takardar mallaka ta gwamna, wadda suke ce wa si-of-o, ya ajiye. Shekara bakwai Malam Ɗanmusa yana hawa yana sauka, kuma kwano na farko gidan Alhaji yake kaiwa. Dabinon da ya ajiye min a dakali ma daga ita ne.

Shekarar sanƙarau, Zulaihatu ta kwanta ranar Talata, aka binne ta ranar Juma'a. Watanta biyar a ɗakin miji, ba ta bar baya ba. Ni na yi mata wanka. Da aka fito da ita, uban yana tsaye a jikin bango yana ta gyara maɓallin kwat ɗinsa, ya ɓalle ya mayar, ya ɓalle ya mayar. Ban ga hawayensa ba. Amma daga ranar, in an neme shi a gida ko a masallaci ba a gan shi ba, to yana gindin dabinon nan, ya share wurin tas, ya shimfiɗa buzu yana jan carbi. In ya zo gaishe mu yakan ce, "Yau na je wajen yarinyar, ta yi huda biyar," kamar mai ba da labarin 'yar da ke gidan aure.

Abin da ya biyo baya a hankali na fahimce shi, shi ne ma ya warware min. Alhaji Mu'az ya yi ritaya, ya sayar wa wani ɗan kasuwa filin, bai daɗe ba ya rasu a garinsu. Ko ya gaya masa maganar dabino, ko ya manta, Allah ne masani. Ɗan kasuwar ya kai takardar banki ya jinginar. Na ce to ai jingina tana dawowa, kai ka gaya mana. Ya girgiza kai. "Tamu ke nan, uwar Sagiru. Ta banki wa'adi gare ta. In ya cika ba ka biya ba, gwanjo za su yi." Haka kuwa aka yi. Wani ɗan kwangila, Alhaji Ziyad, ya saya a gwanjo, bai san Malam Ɗanmusa ba, bai san Zulaihatu ba. Cikin wata biyu ya zagaye filin da katanga mai kwalabe a kai, ya sa ƙofar ƙarfe, ya fara ginin gida a ciki.

Ranar da aka rufe kusurwar gabas yana wurin. Ya yi wa magina bayani, suka ce su aiki aka ba su. Ya je wajen Alhaji Ziyad har sau uku, a na ukun ya samu ganinsa. Mutumin bai wulaƙanta shi ba, ya ɗauko takardu ya nuna masa, ya ce, "Baba, duba da kanka, ina aka ce ban da itace?" Ya miƙa masa kuɗin mota. Malam Ɗanmusa ya ce da ƙafa ya zo.

Lokacin an fara shari'a a jiharmu, ko'ina maganarta ake, mutane sun sa rai ƙwarai. Shi ma ya sa. Ya zo zaure da murnarsa, rabon da in ji muryarsa haka tun kafin sanƙarau. "Uwar Sagiru, yanzu littafi za a buɗe. A littafi kuwa togewa halal ce, na ji da kunnena a wajen karatu. Takardarsu ba ta fi shaida ba." Ya tafi neman Bubayero. Makiyayar da suke zama ta zama gidaje, an ce sun yi kudu da shanu tun shekara uku. Ya bi kasuwar Shuwarin yana tambayar Fulani, ya je har Kafin Hausa wajen wani ɗan'uwansa, kowa ya ce ya ji an ce wajen Nasarawa, wani ya ce ya wuce nan. Sai ya dawo gare ni, yana ta kame-kame, har na gane na ce masa zan je in ba da shaida.

Ban taɓa shiga kotu ba sai ranar. Alƙalin dattijo ne mai haƙuri, ya saurare shi har ƙarshe bai katse shi ba. Lauyan Alhaji Ziyad ya tashi ya ce fili mai takardar gwamna ba hurumin wannan kotu ba ne. Alƙali ya ce ya sani, amma mutumin nan bai ce ƙasa tasa ce ba, itace yake nema, a bari a ji. Sannan ya juyo.

"Malam Ɗanmusa, maganarka daidai ce. Wanda ya sayar da ƙasa ya toge itace, itacensa ne. Amma in ba a toge ba, itace yana bin ƙasa. Takarda ba ta nuna an toge ba. Ina shaidunka?"

"Ɗaya yana kabari, Allah gafarta malam. Ɗaya yana bin shanu. Sai matar na kabarin."

Aka ce in matso. Na faɗi duk abin da na ji, har tsiyar da Bubayero ya yi masa, mutane suka yi dariya, alƙali ma ya murmusa. Na faɗi yadda Alhaji Mu'az ya ce in sa a ciki, da amsar da aka ba shi. Nan dariyar ta tsaya.

"Baiwar Allah, akwai wata macen da ta ji tare da ke?"

"Ni kaɗai ce a gidan, Allah gafarta malam."

Ya daɗe yana kallon littafin gabansa. Ya ce da namiji ɗaya ne, ko mata biyu, sai mai ƙara ya yi rantsuwa a ba shi abinsa. Mace ɗaya ba ta cika ba, ko da zuciyarsa ta gaskata ta. Ya ce saura rantsuwar wanda ake ƙara. Alhaji Ziyad ya yi alwala, ya rantse cewa shi bai san da wata togewa ba, ba a gaya masa ba, bai gani a rubuce ba. Alƙali ya nemi a yi sulhu, a bar tsoho ya riƙa shiga sau biyu a shekara. Alhaji Ziyad ya ce dabinon a tsakar gidan iyalinsa ta faɗo, ba zai yiwu namiji ya hau yana leƙa matansa ba, amma zai biya kuɗin itacen don Allah. Malam Ɗanmusa ya ce a bar shi, ba ta sayarwa ba ce.

A hanyar dawowa yana gaba ina baya. Sai wajen masallacin unguwa ya tsaya, bai juyo ba, ya ce, "Alhaji Ziyad bai yi ƙarya ba, kin sani. Alƙali ma bai zalunce ni ba. Mutum ya ɗaga biro ya tambaye ni." Na ce ƙaddara ce, Malam. Ya ce, "Ƙaddara ce. Amma ni na ce bar shi."

Bayan nan bai daina dillanci ba, sai dai ya zama wani iri. Ko kuka ce ko tsamiya a gona, sai ya ce a rubuta ta wane ce, har masu saye suna ƙorafi cewa tsohon nan ya cika naci. Ni ma ya sa ɗana Sagiru, da ya kawo ƙarfi, ya nemi takarda a kan gonarmu, ya tsaya a kansa har aka sa ɗorawa biyun da ke ciki. Da yamma kuma yakan je ya zauna a wani dutse tsallaken hanya, inda ake hango kan dabinon ta saman katanga. Shekara biyu tana huda ba mai yi mata aure. Mutanen gidan ba 'yan nan ba ne, ba su san ana yi ba. Yana zaune yana ganin 'ya'yan suna fitowa ƙanana suna zubewa.

Ya rasu a farkon bazara ta shekara ta uku, bayan jinyar wata biyu, a ɗakinsa, babu kowa nasa sai mu maƙwabta. Abin da ya bari buzu ne da carbi da kwat ɗin nan, aljihunta da ƙwallon dabino. Ƙannensa suka zo daga Kano suka sayar da gidan kafin arba'in.

Mutane kan tambaye ni me ke kai ni gidan Alhaji Ziyad duk lokacin sanyi da ƙunshi a hannu, ni da ba na zuwa ko'ina sai gaisuwar mutuwa. Matar gidan, Hajiya Munira, da farko ta ɗauka roƙo na zo. Da na yi mata bayani sai ta ce a nemo mai hawa. Shekarar dabinon ta yi 'ya'ya har reshe yana lanƙwasa, amma Malam Ɗanmusa bai kai lokacin nunarsu ba. Ta aiko min da kwano guda, na kai masallaci aka yi masa sadaka.

Zuwan farko shi ya aike ni, kwana kaɗan kafin ya kwanta. Ya yi sallama a zaure da hantsi kamar wancan karon, muryarsa ta dushe, yana magana yana hutawa. Na ji ya ajiye wani abu a kan dakali.

"Uwar Sagiru, wata alfarma zan roƙa. Furen namiji ne a tsumman nan, na samo mai kyau a Garu, kar ki bari ya jiƙe. Na ga yarinyar ta yi huda shida bana. Ke mace ce, za a bar ki ki shiga. Ki ce wa matar gidan su sa wani ya hau ya ɗaura mata, da safe, kafin rana ta yi zafi. Ki gaya musu ban ce a ba ni ko ƙwaya ɗaya ba, su ci abinsu. Kar dai a bar ta haka."